Saura Waƙoƙin Huɗa Goma Sha Biyu

Jawabin Malama Raudatu Isah, malamar lissafi, a taron tunawa da marigayi Malam Shekari Judah, malamin kiɗa da waƙa, a filin makarantar da ya koyar a Birnin Gwari.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda Ya ba mu rai aro, Yake karɓar abinSa ranar da Ya so.

Wakilin Mai Martaba Sarki, ranka ya daɗe. Wakilin shugaban ƙaramar hukuma, hakimai, dagatai da masu unguwanni, Allah Ya ƙara girma. Malam Liman, Allah Ya gafarta malam. Baba Fasto da dattawan ikilisiya, sannunku da zuwa. Shugaban makaranta da 'yan uwana malamai. Mama Magdalena, uwarmu, matar marigayi. Joshua da Jemima, 'ya'yansa. Dangi da suka taso tun daga kudancin Kaduna suka biyo wannan hanya tamu da kowa ya san halinta, Allah Ya saka da alheri. Ɗalibansa na da da na yanzu. Assalamu alaikum, salama a gare ku baki ɗaya.

Da aka ce ni ce zan yi magana da yawun tsofaffin ɗalibai, na san akwai waɗanda suka yi dariya a ciki. Ba laifinsu ba ne. Duk wanda ya zauna aji ɗaya da ni ya san muryata. Shekara shida Malam Shekari ya yi yana fama da ita, daga ƙarshe ya ce mini, "Raudatu, Allah bai hana kowa komai duka ba. Ke ki riƙa ƙirga mana." Tun daga ranar ni ce mai tafi a ƙungiyar waƙa, bakina a rufe, kowa ya huta.

Zan faɗa tun yanzu don kada a ce na yi wa taro kwanton ɓauna: da roƙo na zo. Ranar Litinin mota za ta zo ta kwashi kayan Mama, za ta koma garinsu. A cikin kayan akwai akwatin ƙarfe mai ɗauke da littattafai bakwai da Malam ya cika da hannunsa, kuma aikin da ke ciki bai ƙare ba. A kan akwatin nan zan yi magana. Amma sai na fara gaya muku wane ne ya rubuta su, da abin da ya koya mana, sa'annan ku gane nauyinsa.

Ya kasance malami mai fara darasi daga ƙasa. Ranar farko da ya shigo ajinmu bai ce mu rera komai ba. Ya ɗauki alli ya ja layi biyar a kan allo, ba ruula, kuma ko ɗaya bai karkace ba. Ya ce, "Wannan shi ne gidan sauti. Layi biyar, fili huɗu a tsakaninsu. Alamar da ta hau sama muryarta siririya ce, wadda ta sauko ƙasa muryarta kauri gare ta." Ya zana wata alama mai lanƙwasa a bakin layukan ya ce sunanta mabuɗi, ita ke gaya maka sunan kowane layi. Daga nan muka shiga do, re, mi, fa, so, la, ti, do, hawa da sauka, har masu sayar da ƙosai a bakin ƙofa suka haddace.

Bayan sati biyu mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya ga littafina. Tela ne, kun san shagonsa. Washegari ya ajiye keken ɗinki ya taho makaranta da littafin a hannu, ni ina biye ina addu'ar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce, "Malam, mu fa mun kawo ta ne ta yi ilimi, ba ta zama zabiya ba. Mene ne waɗannan ƙwayayen?"

Malam ya ba shi kujera. Ya ce, "Alhaji, in mutum ya kawo maka ɗinki, kana rubuta awonsa?"

Ya ce, "Ina rubutawa mana."

"In ka yi tafiya, wani telan zai iya ɗinka rigar da wannan awon?"

"In dai ya iya karatu."

Malam ya ce, "To wannan awon murya ne. Tsawonta, tsayinta, inda za ta tsaya. In mai waƙar ya yi tafiya, wani ya ɗinka ta yadda take."

Baba ya jima yana duban littafin. Sai ya miƙe ya ce, "To a koya mata awon. Muryar kam a bar ta, ni na san muryar gidanmu." Tun daga ranar suka ƙulla abota, kuma rigunan 'yan ƙungiyar waƙa duk a shagonmu aka riƙa ɗinka su.

Ya kasance mai ba kowane abu suna biyu, na jarrabawa da na gida. Alamar nan mai kama da ƙwai fari, a takarda samibirib ce, a ajinmu farin ƙwai, bugu huɗu take ci. In aka sa mata sanda ta zama minim, bugu biyu. In aka cike cikinta ya yi baƙi, kurocit ke nan, bugu ɗaya. In aka ƙara mata wutsiya ta zama kweba, rabin bugu. Layin da ake ja a tsaye a raba alamomi kashi-kashi, shi ya ce mana bango ne, tsakanin bango da bango ɗaki ne, lambobi biyun da ke farkon waƙa su ke gaya maka baƙi nawa ɗaki zai ɗauka. In lambar sama ta ce huɗu, ka cusa biyar, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Wannan ɗakin waƙa ne ko motar kasuwar Tsohon Birnin Gwari?" A nan ni na fara son lissafi. Rabi da kwata da ɗaya bisa takwas, a ajin kiɗa na gane su, ba a ajin lissafi ba, kuma yau da su nake koyar da yarana.

Kalmomin Italiyancin nan da ke ba yara tsoro, shi ya mayar mana da su 'yan gida. Piyano, a sassauta murya. Fote, a buɗe ta. Kireshendo, a riƙa ƙara ta sannu-sannu. Andante, tafiyar mutum mai zuwa kasuwa ba a makare ba. Alegiro, tafiyar wanda ya ga hadari ya haɗu kuma ya bar shanya a waje. Mu dai da mun ga harafin fote sai mu ɓarke da ihu, har malamin ajin kusa ya leƙo. Sai Malam ya sauke hannu ya ce, "Fote ba ihu ba ne. Mai ihu kansa kaɗai yake ji. Ka buɗe murya, amma ka bar kunne ɗaya wa na kusa da kai." Alamar shiru kuwa, mu a wurinmu lokacin sosa ƙafa ne da leƙen taga. A kanta kaɗai na taɓa ganin ransa ya ɓaci a aji. Ya ce shiru ma ƙirga shi ake yi, bugu biyu ne ko ɗaya, kuma wanda bai ƙirga shirunsa ba shi ke faɗowa cikin waƙa kafin kowa ya ba mu kunya.

Ya kasance na kowa. Shekara talatin da ɗaya yana tsayawa gaban mawaƙan coci yana ba su hannu suna bin sa da waƙa, Baba Fasto shaida ne. Shi ya tsara taken makarantar nan. Duk shekara shi ke shirya yaran firamare na maci, ba a taɓa rubuta masa takardar neman ya yi ba. Malaman Islamiyya na unguwarmu, in walimar sauka ta matso yara kuma suka kasa haɗa baki a waƙe, wurinsa suke zuwa, ya zauna a kan tabarma ya ƙirga musu da tafi har su daidaita. Lokacin da hanya ta lalace, malamai baƙi suka riƙa neman canjin wurin aiki, ba wanda ya zarge su. Shi ma an yi masa hanyar canjin har sau biyu. Ya ce in ya tafi, wa zai ja layi biyar ɗin? Mama, mun san wannan zaman ba shi kaɗai ya yi shi ba. Ke kika kwana da fargabarsa, kuma ba mu taɓa ce miki sannu a bainar jama'a ba. Sannu, Mama.

Yanzu in zo ga littattafan.

Shekara biyar da suka wuce, 'yan bindiga suka tashi wasu ƙauyuka a bayan Kusasu, mutanensu suka shigo gari. Cikinsu akwai Baba Bakoji, ga shi can zaune a layin gaba, mai farar hula. Ga waɗanda ba su san shi ba, makaɗin gayya ne. In jama'a suka taru su yi wa mutum ɗaya noma, shi ke shiga gaba da gangarsa yana ba da waƙa, manoma na amshi suna aiki. Ya gaji gangar daga mahaifinsa. Wasu waƙoƙin da Hausa suke, wasu da harshen Gbagyi. Da ya baro gida ba gona ba gayya, sai zama a gindin mangwaron bakin makarantar nan. Malam ya ji shi yana rera wani abu ƙasa-ƙasa, ya tsaya, ya gaishe shi, ya tambaye shi waƙoƙi nawa ya sani. Baba ya ce bai taɓa ƙirgawa ba. Ya tambaye shi wa ya koya wa. Ya ce babu, yaran sun watse, wasu Kaduna, wasu wurin haƙar zinariya.

Shekara biyu suna zama a gindin mangwaron nan bayan an tashi makaranta. Baba na rerawa, Malam na rubutawa, alama bayan alama. Waƙa arba'in da ɗaya. Da suka kammala, Malam ya koya wa 'yan ƙungiya waƙoƙi uku daga ciki, daga rubutun kawai, ba su taɓa jin bakin Baba ba. Abin da yake so ya gwada ke nan. Ranar rabon kyaututtuka suka rera a wannan fili. An yi tafi, iyaye mata sun yi guɗa. Ni kaina na yi ƙwalla. Malam ya sauko yana murmushi ya durƙusa gaban Baba Bakoji ya ce, "Baba, mun yi daidai?"

Ina tsaye a wurin. Baba ya ce, "Kun yi daidai da yadda na ba ka."

Malam ya ce, "Amma?"

Ya ce, "Amma da a gona aka yi ta haka, kafin a kai kunya biyu sai an kwashi mutane a some. Ta yi gudu. Kuma ba inda fartanya za ta sauka. Kun cike ko'ina da murya."

Malam ya ce, "Baba, ai haka ka rera mini."

Ya ce, "A zaune na rera maka. Mai zama ba ya haki. Ni ma sai yanzu da na ji ta a bakin wasu na gane ba ita ba ce."

Jama'a, ku auna wannan. Ba alama ɗaya da Malam ya rubuta ba daidai ba. Hawa da saukar murya duk suna nan. Amma waƙar gayya daga bayan manoma take ɗaukar saurinta. Makaɗi yana kallon yadda suke sunkuyawa ne, ya bar gurbi inda ƙarfe zai sari ƙasa, ya jira su ja numfashi. An raba Baba da gona, sai waƙar ta tattaru ta cike guraben da kanta, shi bai lura ba, mai rubutu kuma bai san akwai su ba. Aikin shekara biyu ke nan.

Kwana uku Malam bai yi maganar ba. A rana ta huɗu na same shi a ɗakin malamai da jan biro, yana jan layi ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa a kowane shafi. Raina ya ɓaci, kuma kun san ni ba na iya ɓoyewa. Na ce, "Haba Malam, ka bar su mana. Waƙa ce mai daɗi, kowa ya yaba. Wa zai sani?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ai matsalar ke nan, Raudatu. Ranar da Baba Bakoji ya tafi, ba wanda zai sani. Kuskuren sai ya zama shi ne gaskiya, da sa hannuna a ƙasa."

Har yau ina jin kunyar tambayar nan.

Ya kasance mutumin da ba ya jin nauyin komawa farko. Gonakin daji ba sa shiguwa, saboda haka ya je wurin shugaban makaranta ya roƙi filin bayan ɗakin gwaje-gwaje. Ya shuka dawa. Da noman farko ya zo, ya tara manyan ɗalibai da manoman da suka yi gudun hijira, kowa da fartanyarsa, aka yi sahu. Baba Bakoji ya rataya gangarsa, karo na farko tun da ya baro gida. Malam yana tafiya da baya a gabansu, allon katako a hannu, fensir a baki. Sau biyu ya yi tuntuɓe ya zauna daɓas cikin laka, mutum mai shekara sittin, yara na danne dariya. Ni kuma ya ba ni agogo ya ce in ƙirga saran fartanya nawa ake yi a minti ɗaya.

A filin nan muka ga abin da ya shekara talatin yana faɗa mana a allo. A zaune Baba yana kai bugu ɗari a minti. A gona sittin da 'yan kai. A kowane ɗaki na waƙar, bugu na huɗu shiru ne, a nan fartanyoyi ke sauka tare, kuma wannan saran shi ke cike gurbin. In an doshi ƙarshen kunya, murya na ƙaruwa sannu-sannu don a ƙarasa da ƙarfi, Malam ya rubuta kireshendo yana dariya shi kaɗai. Akwai wata alama mai kama da gira da ɗigo a ƙarƙashinta, famata, wadda ke nufin a riƙe sauti har sai mai ba da hannu ya sake. Mun sha tambayarsa, riƙon na bugu nawa ne? Ya ce ba shi da adadi. Ranar muka ga dalili. Baba yana riƙe muryar ƙarshe ne har sai wanda ya fi kowa rauni a sahu ya iso bakin kunya, don kada a gane shi ne na baya. Malam ya sa alamar, ya rubuta a gefe da Hausa: a jira na ƙarshe.

Wani zai ce ai ga waya, a ɗauka mana. Mun ɗauka, kuma za mu ci gaba. Amma iska da ganga sun danne rabin muryar, katin wayar farko ya lalace da waƙa tara a ciki, kuma yaro ba ya iya sa yatsa a kan sautin waya ya ce a nan zan yi shiru. Malam ya ce a haɗa biyun, amma takarda ce uwa.

Damina biyu ya sake rubuta waƙa ashirin da tara, na noman farko da na maimai. Saura goma sha biyu, waƙoƙin huɗa, waɗanda ake yi da garma in dawa ta tasa ana tara mata ƙasa a gindi. Su ne mafiya nauyi, kuma saurinsu daban. Bara lokacin huɗa yana kwance a asibiti a Kaduna. Bana ya sake shuka, ya ja layukan shafuka goma sha biyu ya rubuta kan kowace waƙa, ya bar cikinsu fayau yana jiran watan huɗa. Sati uku da suka wuce Allah Ya karɓi abinSa. Dawar tana nan bayan ginin can, ta kai gwiwa. Duk mai so ya leƙa in an tashi.

Ga inda muke. Huɗa ba ta jira, sati biyu ne ko uku. In ta wuce sai baɗi. Baba Bakoji ya haura tamanin, kuma tarin da yake yi kuna ji daga inda kuke zaune. Baba, ka yafe mini, gaskiya ce ta kama. Ɗalibai suna dogon hutu, kuma ko suna nan garma ta fi ƙarfin yawancinsu. Abin da Malam yake yi shi kaɗai, yanzu sai mutum biyu. Ni na iya ƙirga bugu da shiru, amma kunnena ba ya rabe mi da fa. Jemima ita ta gaji kunnen mahaifinta, in ta ji sauti sau ɗaya ta san layin da zai zauna. Jemima kuwa za ta bi Mama ranar Litinin.

Shekaranjiya na je gidan Malam na durƙusa gaban Mama. Ta ba ni izinin in maimaita abin da muka yi, shi ya sa zan faɗa. Na ce, "Mama, ki bar mana littattafan da Jemima zuwa ƙarshen huɗa."

Ta ce, "Ɗiyata, kin san abin da littattafan nan suka ci mini? Shekara biyar mijina na dawowa gida da yamma ya zauna da su. Da likita ya ce ya huta, gona ya tafi. Yanzu su ne kaɗai abin da zan buɗe in ga hannunsa."

Na ce, "Gaskiya ne, Mama."

Ta ce, "Kuma na je taron makoki da yawa a garin nan. Kowa ya riƙe makirfo sai ya ce za mu ci gaba da aikinsa. Bayan sati biyu ko gaisuwa babu. Ba zan bar 'yata da littattafan mijina a kan irin wannan magana ba."

Ban yi musu ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce, "To me zai sa ki yarda?"

Ta juya ta tambayi Baba Bakoji, yana wurin ya zo gaisuwa, "Baba, mutum nawa kake bukata?"

Ya ce, "In ba a kai garma ashirin ba, ba gayya ba ce, aikin gandu ne. Waƙar ba za ta fito ba."

Mama ta ce, "To kin ji. Ranar Asabar da safe zan zo filin da kaina in ƙirga. In na ga garma ashirin a hannun manya, akwati ya zauna, Jemima ta zauna, ni ma in ɗage tafiya in dafa muku abinci yadda na saba. In sha tara na gani, Litinin mu tafi, kada wanda ya ce na yi rowa."

Joshua, Jemima, dangin Malam, ku ji daga bakina a gaban kowa: hukuncin Mama adalci ne. Littattafan naku ne, ba na makaranta ba, ba na gari ba. In Asabar ta zo muka gaza, ni da kaina zan taya ku ɗora akwatin a mota, kuma ba za ku ji wata magana ta biyo bayanku ba. In kuma muka cika, da an rufe shafi na ƙarshe za mu kwafe su da hannu, ɗaya a makaranta, ɗaya a coci, ɗaya a wurin iyalin Baba Bakoji, na asali su bi Mama gida.

Saura mu, mutanen Birnin Gwari. Yau Alhamis, jibi Asabar. Ba kuɗi na zo nema ba, ku bar aljihunku su huta. Baya nake nema, baya ashirin masu sunkuyawa. Ina ganin tsofaffin 'yan ajinmu a can, an yi tumbi, an yi mota, hannu ya yi laushi. Na san gidajen da kuka fito, kowannenku da garma aka yaye shi, kuma jiki ba ya mantawa. Iyayenmu da suka baro ƙauyuka, waƙoƙin nan naku ne, a gonakinku aka haife su. Muna sa rai wata rana za ku koma, ko 'ya'yanku su koma. Ranar da aka sake kiran gayya a bayan Kusasu, ya kamata a samu wanda zai buɗe littafi ya san inda garma ke sauka. An raba ku da gidaje da shanu da rumbuna muna kallo, ba yadda muka iya. Wannan kam ba a daji yake ba, a bayan ajinmu yake, kuma in ya salwanta ba ɗan bindigar da za mu ɗora wa laifi.

Kada kowa ya ɗaga hannu. Mama ta ga hannuwa a sama da yawa. Wanda zai zo, ya zo kawai, ƙarfe bakwai na safe, da garmarsa, wanda ba shi da ita ya ara. Maigidana Muttaka ya riga ya kai tasa wurin maƙeri. Ni zan zo da agogo da fensir, kuma ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji, don ban taɓa rubuta waƙa ba Malam a gefena yana gyara mini ba. Amma zan rubuta. Daga sabon zango kuma, kowace Laraba bayan tashi, zan ja layi biyar a allon ajin nan, da ruula, in koyar da abin da na iya, har Allah Ya kawo wanda ya fi ni.

Muna godiya ga wakilin Mai Martaba da dukan shugabanni da suka bar ayyukansu suka zo. Muna godiya ga shugaban makaranta da ya ba da fili, na taro da na dawa. Muna godiya ga matan coci da matan unguwa da suka haɗu a murhu ɗaya tun safe. Dangin Malam, mun gode da kuka ara mana shi shekara talatin da ɗaya.

Baba Fasto ya yi masa addu'a irin ta gidansu, mun ce amin. Ni kuma ina roƙon Allah Ya saka masa da alherin da ya yi mana. Allah Ya ba Mama haƙuri da lafiya, Ya raya Joshua da Jemima, Ya sa su fi mahaifinsu. Allah Ya mayar da baƙinmu gida lafiya. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a dajinmu da hanyoyinmu, Ya mayar da kowane manomi gonarsa. Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Ya Allah, Ka ba mu ruwa gobe ƙasa ta yi laushi, Ka ara wa Baba Bakoji numfashin waƙa goma sha biyu, kuma in Mama ta zo ƙirga jibi, kada Ka sa ta tsaya a sha tara.

Amin. Na gode.